Kabewar gwangwani za ta yi miyar taushe?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Aure ne ya kawo ni Amurka, kuma garin da muke babu shagon 'yan Afirka a kusa. Maigidana yana ta kwaɗayin waina da miyar taushe, ni kuma ban ga kabewa irin tamu ba. Maƙwabciyata ta ce in sayi ta gwangwani, wadda suke yin kek da ita. Za ta yi kuwa? Ba za ta sa miyar ta yi zaƙi ba? Kuma babu wani abu a cikinta da bai halatta ba?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba da zaman lafiya, ya sa kin je a sa'a. Za ta yi, kuma za ta yi miyar da ba za ki ji kunyar ajiye wa kowa ba. Maƙwabciyarki ba ta ɓatar da ke ba. Sai dai akwai abu biyu da nake so ki riƙe tun kafin ki ɗora tukunya. Na farko ki san gwangwanin da za ki ɗauko, don iri biyu ne a jere kuma sun yi kama sosai. Na biyu ki san cewa wannan kabewar dafaffiya ce, markaɗaɗɗiya, don haka ba za ki bi da ita yadda kika saba bi da ɗanya a gida ba. Yawancin masu cewa ta ɓata musu miya, a ɗayan waɗannan biyun suka faɗa.

Idan kin shiga kanti kada ki neme ta wajen kayan lambu, ko wajen gwangwanin wake da masara. Tana layin kayan kek, kusa da fulawa da sukari da madarar gwangwani. A nan za ki tarar da iri biyun. Ɗaya an rubuta masa "100% Pure Pumpkin", wato zallar kabewa. Ɗayan kuma an rubuta "Pumpkin Pie Mix", wanda an riga an zuba masa sukari da gishiri da kayan ƙamshi irin su kirfa da kanumfari, an haɗa shi ne musamman don wani kek nasu mai ɓawon fulawa da ake gasawa. Wannan na biyun a wurinki kabewar kan kabari ce, baƙin cikin mai taushe: ga ta dai kabewa, amma ba ta shiga tukunyar miya. Ko kin ƙara attarugu da daddawa zaƙin nan da ƙamshin kirfa ba za su ɓuya ba. Hoton jikin gwangwanayen biyu yakan zo kusan iri ɗaya, har wanda babu sukarin ma za ki iya ganin hoton yankan kek a jikinsa, saboda haka kada ki dogara da hoto. Ki juya bayan gwangwanin ki karanta jerin abin da ke ciki. Idan kalma ɗaya tak kika gani, wato kabewa, shi ne naki. Wannan ya amsa miki maganar halasci ma: zallar ba nama a cikinta, ba kitse, ba giya, ba komai sai kabewa.

Girma biyu aka fi samu. Ƙaramin giram 425 ne, wato oza 15 a ma'auninsu, ya kai kofi ɗaya da kashi uku cikin huɗu. Babban kuma giram 822, oza 29. Kada ƙanƙantar ƙaramin ta ruɗe ki. Abin da ke cikinsa sai kin dafa ɗanyar kabewa ta kusan kilo ɗaya ko ɗan fiye, kin fere, kin cire 'ya'ya, kin tsane ruwa, kafin ki samu kamarsa. Tukunyar mutum biyar ko shida ƙarami ɗaya ya ishe ta. Ke da maigida kaɗai, rabinsa ma ya yi.

Yana da kyau ki san mece ce wannan kabewar, don shi zai sa ki fahimci halinta a wuta. Mafi yawan kabewar gwangwanin da ake sayarwa a Amurka daga jihar Ilinoi take fitowa, daga wani ƙaramin gari mai suna Morton, kusa da birnin Peoria, inda masana'antar Libby's take, wadda mallakar kamfanin Nestlé ce. Irin da suke nomawa a gonakin da ke kewaye da garin sunansa Dickinson. Ba ita ce jar kabewar nan mai sheƙi da za ki ga an jibge a ƙofar kantuna cikin Oktoba ana sassaƙa mata fuska don bikin Halowin ba. Waccan ta ado ce, cikinta ruwa ne da zare-zare, ba ta da garɗi, kuma ina ba ki shawara kada ki wahalar da kanki da ita ko da an ba ki kyauta. Ita Dickinson doguwa ce kaɗan, bayanta ruwan ƙasa-ƙasa, cikinta ja sosai kamar karas, tsokarta kuma mai kauri. 'Yar gida ɗaya ce da wata kabewar mai dogon wuya da za ki gani a wajen kayan lambu an rubuta mata "butternut squash", wadda zan dawo kanta. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta yarda a rubuta sunan kabewa a gwangwanin da aka yi da ire-iren waɗannan masu jan ciki, ko da gauraye ne. Shi ya sa za ki ga ta wani kamfanin ta fi ta wani ja, ta wani kuma ta fi ruwa. Idan kin samu wadda kika ji ta kwanta miki, ki riƙe sunanta.

A masana'anta wanke ta ake yi, a sassara, a turara ta da zafi har ta yi laushi, a matse ruwan, a markaɗa, a tace ɓawo da 'ya'ya, a zuba a gwangwani a rufe, sannan a sake dafa gwangwanin da kansa da zafi mai tsanani don ya daɗe bai lalace ba. Kin ga kenan ta sha wuta har sau biyu kafin ta zo hannunki. Idan kin buɗe za ki gan ta a cure, sumul, ba gudaji, kina soka cokali ya tsaya da kansa. Za ki kuma ji wani ɗan wari na abin da ya daɗe a rufe, in kin lasa ki ji ta lami, da ɗan bauri a ƙarshen harshe. Ba lalacewa ta yi ba, haka take. Wannan warin da baurin su ne aikinki na farko.

Maganinsu suya. Wannan ita ce gaɓar da na fi so ki kula da ita a duk amsar nan. A gida mun saba mu yanka kabewa mu jefa cikin tafasasshen nama ta dahu tare da shi, sannan mu tsame mu dama da ludayi ko mu daka mu mayar. A wannan dahuwar take shan romo, ita ma ta ba romon zaƙinta. Ta gwangwani in kika yi mata haka, wato kika juye ta cikin ruwan nama tun da fari, za ta narke nan take, romon ya yi kauri tun naman bai dahu ba, gindin tukunya ya fara kamawa, warin gwangwanin kuma ya bi miyar duka. Saboda haka ki raba su. Ki dafa namanki daban, da albasa da citta da tafarnuwa da gishiri, kuma ki nemi mai ƙashi, na rago ko na akuya ko jelar sa, don taushe ba ta daɗi da zallar tsoka. Ki bar shi ya yi laushi sosai, romon ya yi kamar kofi huɗu.

A wata tukunyar mai kaurin gindi ki zuba manja kamar rabin ludayin miya, ki soya albasa, ki zuba jajjagen tattasai da attarugu da tumatir kaɗan. Tattasan can manya ne kuma ruwa gare su, guda biyu sun isa, sai dai ki ba su lokaci su tsotse. Tumatir kuwa kada ya wuce biyu, in ya yi yawa miyar sai ta koma jar miya mai kabewa. Idan mai ya taso saman kayan miyan, sai ki juye kabewar a kai, ki rage wuta zuwa matsakaiciya, ki tsaya a kanta da muciya. Minti 8 zuwa 10 za ki yi kina juyawa kina kankare gindin. Da farko za ta shanye man gaba ɗaya har ki ga kamar ba ki sa ba, kada ki ƙara. Can za ki ga launinta ya tashi daga ruwan lemo ya koma ja mai duhu, ta fara barin jikin tukunya tana haɗuwa wuri ɗaya, mai ya fara tsattsafowa ta gefe. Hancinki ne zai gaya miki ta yi: warin nan zai ɓace, ƙamshi mai kama da na gasasshen dankalin Hausa ya maye gurbinsa. Ki yi hattara da hannunki, don tana tsalle idan ta ɗau zafi, kuma ɗigonta yana manne wa fata ya ƙona. Muciya mai dogon hannu ta fi.

Daga nan sai ki riƙa zuba romon kaɗan-kaɗan kina damawa, ludayi biyu, ki juya ya haɗe, ki ƙara. In kika juye shi gaba ɗaya sai ta yi gudaji tana yawo a sama. Idan ta saki sai ki zuba naman, da daddawa, da dunƙulen ɗanɗano in kina sawa.

Sai maganar gyaɗa, wadda nan ma hannu yakan zarce. Kabewar gwangwani ta fi tamu kauri nesa ba kusa ba, tunda an matse ruwanta. In kika sa gyaɗa daidai yadda kika saba, miyar za ta daskare, kafin ku gama cin waina ta zama kamar tuwo. Ki rage ta zuwa rabi. Cokali uku manya sun ishi gwangwani ɗaya. Idan za ki samu ɗanyar gyaɗa ki niƙa da kanki, ya fi, don ita ce ke ba taushe wannan garɗin mai kama da madara. In kuma ta kwalba za ki yi amfani da ita, wadda suke shafa wa burodi, to ita ma ki juya bayanta ki karanta, yawancinsu akwai sukari. Ki nemi wadda gyaɗa ce kawai, ko gyaɗa da gishiri, za ki gane ta da man da ya taso samanta. Ki dama ta da romo mai ɗumi a kofi kafin ki zuba. Bayan gyaɗa ta shiga, minti 15 a ƙaramar wuta, murfi a ɗan buɗe, kina leƙawa kina juyawa, har mai ya taso.

Kin tambayi zaƙi. Zallar ba ta da zaƙin da zai dame ki, hasali ma kabewarmu mai kyau ta kaka ta fi ta zaƙi. Abin da miyar za ta nema shi ne tsami, don kabewa da gyaɗa duka masu nauyi ne a baki, yakuwa ce ke farkar da su. In akwai shagon Indiyawa a garinku, kuma da wuya a rasa, ki tambaye su ganyen da suke kira gongura. Yakuwa ce, mutanen kudancin Indiya suna cin ta sosai. In ba ki samu ba, ki jiƙa tsamiya ki zuba ruwanta cokali biyu, ko ki matsa rabin lemon tsami bayan kin sauke. Alayyafo irin namu kuwa shagunan mutanen Jamaika da maƙwabtansu suna sayar da shi da sunan callaloo, na 'yan Sin ma sukan kawo shi. Alayyafon Turawa na cikin leda shi ma zai yi, amma ba shi da jiki, yana taɓa zafi ya narke ya saki ruwa. Ki sa shi a ƙarshe, minti biyu ko uku, ki kashe wuta. In daskararre ne ki bar shi ya saki, ki matse shi da hannu tukuna. Albasa mai lawashi ki yanka ki watsa tare da ganyen.

Yanzu bari in gaya miki inda ta gaza, don kada in yi miki tallan abin da ya fi ƙarfinsa. Miyar da aka yi da ta gwangwani zalla takan fito sumul da yawa. Taushen gida tana da ɗan burbushin kabewar da bai gama narkewa ba, wanda harshe ke tsinta yana murƙushewa, kuma mutumin da ya tashi da ita zai ji rashinsa ko bai iya faɗin abin da ya rasa ba. A ganina nan ne bambancin yake, ba a ɗanɗano ba. Idan ranar aiki ce kina sauri, ki yi da gwangwani kawai, babu laifi. Amma ranar da kike da baƙi, ko ranar Sallah, ki sayi ƙaramar mai dogon wuyan nan guda ɗaya, ki fere rabinta, ki yanka ƙanana ki jefa cikin naman saura minti 15 ya dahu. Ki ɗan farfasa ta da bayan ludayi, kada ki dame ta duka. Gwangwanin ya ba ki kauri da launi, ita kuma ta ba ki abin taunawa da zaƙin sabuwar kabewa. Wannan haɗin shi ne mafi kusa da ta gida da na sani a Amurka. Duk girkin da ake son ganin yankan kabewa a cikinsa kuwa, kamar miyar kuskus mai manyan kayan lambu, ta gwangwani ba ta da wuri a ciki sam.

Ragowar fa? Tana shiga fate sosai, na tsaki ko na wake, cokali uku ko huɗu saura kaɗan a sauke. Tana ɗaure miyar da ta tsinke ba tare da kin sa gari ba. A fanke ko kek tana ba da laushi da launi, sai dai ki tuna kusan kashi 90 cikin 100 nata ruwa ne duk da kaurin da kike gani, don haka ki rage madara ko ruwan kwaɓin. Masu gashi sukan sa rubu'in kofi a madadin ƙwai ɗaya idan akwai wanda ƙwai bai karɓe shi ba. Idan Allah ya kawo rabo, yaro ya kai wata shida ya fara cin abinci, zallar tana da kyau a kununsa, tunda ba gishiri ba sukari. Jan nan nata sinadari ne da jiki ke mayarwa bitamin A, mai taimakon ido da garkuwar jiki, kuma jiki ya fi ɗaukarsa idan akwai ɗan maiƙo a abincin, abin da manja da gyaɗar taushe suka riga suka tanada. Yaron da ake ba kabewa ko karas kullum wani lokaci tafin hannunsa da kan hancinsa sukan yi ɗorawa-ɗorawa. Wannan ba ciwo ba ne, yana wucewa in an rage. Amma in farin idonsa ne ya canza, wannan ba na kabewa ba ne, a kai shi asibiti a duba ko ciwon shawara ne.

Da zarar kin buɗe gwangwani kada ki mayar da shi firji haka nan a buɗe. Ki juye a roba ko kwalba mai murfi, kuma ni ban yarda ta wuce kwana biyar ba. In kin san ba za ki taɓa ta a makon ba, ki zuba a ledar daskarewa, ki baje ta ta yi faɗi, ki sa a firiza, za ta kai wata uku lafiya. Idan ta narke za ki ga ruwa ya ware gefe, ki tsiyaye ko ki juya, suya za ta gyara sauran. Wanda ba a buɗe ba yana shekara biyu ko fiye a kabad, akwai kwanan wata a jikinsa. Gwangwanin da ya kumbura, ko ya yi tsatsa, ko ya loɓa a bakin murfi, ko kika buɗe ya feso, ki zubar da shi ko ɗanɗanawa kada ki yi.

Ki kuma san lokacinta. Sau ɗaya ake girbinta a shekara, daga ƙarshen Agusta zuwa wajen Nuwamba, kuma kasuwarta tana ci ne gab da bikin godiya da suke yi ranar Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba, lokacin da kusan kowane gida ke gasa kek ɗin kabewa. A makonnin nan takan cika kantuna, farashinta ya sauka, bayan bikin ma a karya shi don a rabu da ita. Nan ne za ki sayi ta shekara ki ajiye, har da ta azumi. Da yake kusan duk daga yanki ɗaya take fitowa, in damina ta yi musu yawa kowa sai ya ji a jikinsa. A 2009 ruwan sama ya hana motocin girbi shiga gonakin Ilinoi, kabewa ta ruɓe a ƙasa, aka yi watanni ana neman gwangwanin a kantuna babu.

'Yan'uwa da ke gida masu karanta wannan, ku ba ku da buƙatarta. Wadda za ta iya aikawa 'Yankaba ko kasuwar ƙauyensu a yanko mata sabuwa, ba ta da dalilin sayen ta gwangwani da tsadar kayan waje, kuma kabewar da ba a fasa ba tana watanni a inuwa ba abin da ya same ta. Abin da nake roƙo dai kada wata ta ga wannan ta ce za ta dafa kabewa ta markaɗa ta ɗura a kwalba ta rufe ta ajiye a ɗaki, kamar yadda ake yi wa tumatir. Tumatir yana da tsami, tsamin ne ke taimakon kare shi. Kabewa ba ta da shi, kuma a abinci marar tsami da aka rufe babu iska ne wata ƙwayar cuta mai suna Clostridium botulinum ke tsira, ta saki dafin da ke shanye jijiyoyi har ya tsayar da numfashi. Tafasar ruwa ta yau da kullum, mai maki 100 a ma'aunin Selsiyas, ba ta kashe ƙwayayenta, sai zafin da ya kai maki 116 zuwa sama a tukunyar matsi. Ko a Amurka, inda mata da yawa ke da irin wannan tukunyar a gida, ma'aikatar noma ta ƙasar ta yi gargaɗin kada a adana markaɗaɗɗiyar kabewa a kwalba, don kaurinta yana hana zafi ratsawa har tsakiya. Kuma dafin ba lallai ya canza wari ko launi ba, balle a gane. Wadda kabewa ta yi mata yawa, in tana da firiza mai samun wuta ta daskarar, in babu ta yanka siri-siri ta shanya a rana ta bushe ƙarau, ta ɗaure a buhu mai tsabta, ranar miya ta jiƙa.